Bene a kan tsohon gida a Agege: in nemi izini ko in zuba dekin kawai?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, na kuma san ba a rasa masu sanin abin a nan.

Ina da gida a ɓangaren Oko-Oba, rabin fuloti ne, na saye shi a 2011 a hannun wani dangi na Yarbawa. Da gininsa na same shi, ciki huɗu da falo, ni na ƙara shaguna biyu a gaba masu kallon titi. Yanzu yara sun girma, babban zai yi aure bayan babbar salla in Allah ya kai mu, kuma kun san yadda haya take a garin nan, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya kafin ma a ba ka makulli. Sai na ce me zai hana in yaye kwanon, in zuba dekin, in ɗora masa ɗaki biyu da falo a sama. Birkilan da ke min aiki ya zo ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce ginin zai ɗauka har da ƙari. Na riga na sayi rodi tan biyu, an buga min bulo 1,200, suna nan jibge a tsakar gida har uwargida ta fara mitar ba ta da wurin shanya.

Shekaranjiya maƙwabcina, wani dattijon Bayarabe da muke mutunci da shi, ya ga ana sauke yashi ya kira ni gefe ya ce, "Alaji, ka karɓi afruba?" Izinin gini yake nufi. Na ce gidana ne fa, ba sabon fili ba. Ya yi dariya ya ce in tambaya dai. Jiya kuma wani ya zo har shago ya ce in ba shi kuɗi da hoton fasfo biyu, cikin mako biyu zai kawo min takardar, ba sai na taka ko'ina ba.

To jama'a, wanda zai ɗora bene a kan gidansa na kansa ma sai ya nemi izini? In eh, wajen wa, kuma me ake kaiwa?

Ɗan Mile 12:
Wa alaikumus salam. Alhaji kada a tsorata ka. Ka tara leburori da yawa, a fara ranar Juma'a da yamma, kafin Litinin an zuba dekin. In sun zo daga baya a yi magana ta fahimta. Duk layinmu ba na jin akwai mutum biyu masu wannan takardar, kuma ga mu nan muna kwana lafiya.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan Mile 12, ka ji tsoron Allah. Mutum zai sa ɗansa da amarya a sama, shi da iyalinsa a ƙasa, kana ce masa a yi cikin dare kamar masu haƙa rami a gidan mutane.

Ɗan Mile 12:
Hajiya ni ban ce dare ba, yamma na ce.

Injiniyan Ketu:
Baban Ummi, barka da war haka. Amsar a taƙaice: eh, sai da izini. A dokar tsara birane ta jihar Legas ta 2010, ba sabon gini kaɗai ke buƙatar izini ba. Ƙara hawa, sauya fasalin gida, mayar da ɗakin kwana shago, rushewa, har katanga, duk suna ciki.

Hukumomi biyu ne, mutane kan cakuɗa su. LASPPPA ita ke duba zane ta ba da izinin gini. LASBCA kuma ita ke bin aikin a fili: kafin ka fara za ka ba ta sanarwar kwana bakwai, ta ba ka takardar fara aiki, sannan ta riƙa zuwa mataki-mataki, fandisho, linta, dekin, rufi, a ƙarshe ta ba da takardar cewa an kammala kuma ya cancanci a zauna. Dukansu suna ƙarƙashin ma'aikatar tsara birane da ke Alausa, kuma suna da ofisoshin gunduma, ba sai ka je hedikwata ba.

Amma ni ba takardar ce ta fi damuna ba. Bari in yi maka lissafi. Kankare mita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinsa kusan kilo 2,400 ne. Dekin mai kaurin inci shida ke nan yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita. In saman gidanka ya kai murabba'in mita 100, tan 36 za ka ɗora. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce. Wato za ka ɗauki abin da ya fi lodin tirela guda ka aza a kan ɗakin da kake kwana, kafin a zo kan bulo 1,200 ɗin nan, da filasta, da tayil, da tankin ruwa, da gadon amarya da kayan kicin ɗinta.

Ka amsa min waɗannan: bulon ƙasan inci shida ne ko tara? Akwai ginshiƙai na kankare a kusurwoyi? Ka san zurfin fandishon? Sannan wace takarda kake da ita ta filin?

Baban Ummi:
Injiniya na gode, wallahi lissafin tirelar nan ya sa na ajiye cokali. Bangon waje inci tara ne, na ciki shida. Ginshiƙai ban gani ba, amma birkila ya ce za a fasa kusurwoyi a saka. Fandisho ban sani ba, ba ni na gina ba. Takarda kuwa akwai rasit na dangin, da yarjejeniyar da lauyansu ya rubuta, shaidu huɗu suka sa hannu har da Baale, wato mai unguwar Yarbawa, sai wata taswira da suka ba ni.

Lauyan Ikeja:
Yallaɓai, taswirar nan sunan wa ke kanta?

Baban Ummi:
Na ɗauko ta yanzu. Sunan dangin ne, kuma filin da ke ciki ya fi nawa girma sosai.

Lauyan Ikeja:
Na yi zaton haka. Wannan taswirar gandun dangin ce gaba ɗaya, ba ta gidanka ba. A nan aikinka zai fara, ba a kan zanen bene ba, domin abu na farko da ake nema wajen izinin gini shi ne shaidar cewa wurin naka ne da taswirar safiyo mai rajista da ta nuna iyakarsa.

Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke samu haƙƙin zama ne, takardar shaidarsa ita ce C of O, galibi na shekara 99. In wanda ya sayar maka yana da C of O, kai abin da za ka nema shi ne amincewar gwamna a kan cinikin. In kuwa a hannun dangi ka saya, sai an duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta taɓa karɓewa, in yana ciki ko an yanke shi an mayar wa dangin an buga a gazet. Legas ta karɓe filaye masu yawa tun shekarun 1970, wasu ta yi musu tanadin aiki, wasu ta karɓa ta ajiye. Na biyun ana iya daidaita takardunsu a biya gwamnati. Na farkon ko shaidu arba'in suka sa hannu ba ya zama naka.

Ba a gane wannan da ido. Safiyo zai zo ya ɗauki lambobin kusurwoyin gidanka, a kai ofishin babban safiyon jiha a ɗora a kan taswirar gwamnati, sai ta faɗi inda kake. Ka tabbata kuma ya shigar da kwafin taswirar a can, domin akwai masu zana maka mai kyau da hatimi amma ba su kai ta ko'ina ba.

Rasit da yarjejeniyarka ba banza ba ne, ka kai su a buga musu hatimin haraji. Akwai kuma izinin wucin gadi da ake bai wa wanda takardar filinsa ke kan hanya, ka tambaya a ofishin gunduma ko za ka shiga ciki.

Mai Shayi Idi-Araba:
Ni fa na ɗauka sakatariyar ƙaramar hukuma ake zuwa. Lokacin da na kafa rumfata can na biya.

Lauyan Ikeja:
Wannan kuɗin wurin sana'a ne, malam. Izinin gini na gwamnatin jiha ne. Ko tarayya ma ba ta da ta cewa: a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya cewa tsara birane hurumin jiha ne. Shi ya sa ko a Festac, da filin na hukumar gidaje ta tarayya ne, jiha ke cewa sai an zo wajenta. Rasit ɗin kansila ko na ƙungiyar masu gidaje ta unguwa ba ya tsayar da katafila.

Usta Birkila:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, amma yau an taɓo sana'ata. Shekarata 27 ina riƙe da cokalin gini a garin nan, daga Ijora har Ikorodu. Duk lokacin da aka tashi magana sai a ce birkila ne jahili. Na sha ganin injiniya ya zo da hula mai ƙarfi da takalmi, ya tsaya minti goma yana waya, ya sa hannu ya tafi. Wa ya rage a wurin da rana a ka? Mu. Wa ya san yashin nan na teku ne mai gishiri zai ci rodi? Mu. Kuma sau nawa mai gida da kansa ke cewa Usta a ƙara yashi a rage siminti, buhu ɗaya ya buga bulo sittin? In gini ya faɗi sai a nemi birkila.

Amma gaskiya ɗaya ce, ɗan'uwana da ya ƙwanƙwasa bango ya ce zai ɗauka bai kyauta ba. Bango ba kankana ba ne. Sai an tona gefen fandisho an gani. Tsofaffin gidajen Agege da yawa an yi su ne don kwano kawai, wani fandishon bai wuce gwiwa ba.

Injiniyan Ketu:
Usta, Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya ba. Masu sayar da hatimi suna cikinmu, kuma sun fi kowa cutar da sana'ar. Injiniyan da ya sa hatimin COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, a zane ya kuma rubuta takardar cewa shi zai kula da aikin, wuyansa ya sa. In bai zo ranar zuba dekin ya ƙirga rodi da idonsa ba, mai gida ya kore shi.

Kuma abin da kuka faɗa na tono shi ne daidai. A kan tsohon gini ana yin abu biyu: a tona rami a gefen fandisho a auna zurfinsa da faɗinsa, sannan a yi gwajin ƙarfin kankare da na'ura ba tare da an fasa ba. Jiha na da ɗakin gwajin kayan gini a Ojodu Berger, akwai kuma masu zaman kansu da aka amince da su. Sa'ar da Baban Ummi ya yi ita ce yawancin Agege jar ƙasa ce mai tauri, ba irin taɓon Ajah ko Lekki ba inda sai an kafa turaku a ƙasa. Sai dai in yana kusa da kanal, nan labari ya canza.

Ɗan Mile 12:
To duk na ji. Amma ku gaya min, benen Ikoyi da ya faɗi ba shi da takarda ne? Ba injiniyoyi ne suka yi shi ba? Masu kuɗi da turanci da komai. Takarda ba ta riƙe gini. Kawai hanyar tatsar talaka ce.

Hajiya Mai Atamfa:
Kai dai ba ka karɓar gyara.

Injiniyan Ketu:
A'a Hajiya, tambayarsa tana kan hanya. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 ne, titin Gerrard, hawa 21, sama da mutum 40 suka rasu, har da mai ginin kansa. Shugaban LASBCA na lokacin ya fito ya ce hawa 15 aka amince, aka ɗora har 21. Kuma tun kafin faɗuwar, kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta takarda ya janye hannunsa. To ka ga abin da ya kashe mutane a can shi ne ɗora wa gini abin da ba a lissafa masa ba, da ƙin jin maganar mai lissafin. Bambancinsa da abin da kake ba Alhaji shawara yawan hawa ne kawai.

In kuma kana ganin sai dogayen benaye ke kisa, tuna Ita Faji a tsibirin Legas, 13 ga Maris 2019. Tsohon bene ne na unguwa irin wanda muke wucewa kullum, da makarantar yara a samansa. Kusan mutum 20 suka tafi, da yawansu ɗalibai.

Wani abin da mutane ba su sani ba: a dokar jihar, gini in ya rufta saboda sakacin mai shi, gwamnati na iya ƙwace filin. Ka rasa gida, ka rasa fili, in an yi rashin rai ka tsaya gaban alƙali.

Malamin Islamiyya:
Ɗan Mile 12, ɗana, kalmar nan taka ta "magana ta fahimta" ita ta tsaya min. Mun san ma'anarta. Hadisi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa, bai ware wanda ke zaune a Kurmi ba. Sannan gini ba kai kaɗai ya shafa ba, akwai maƙwabci, akwai ɗan haya, akwai mai wucewa. Baban Ummi, ko da an ba ka izini, ka duba inda tagogin saman za su kalla, kada su leƙa tsakar gidan mutane. Wannan ba ya cikin fom ɗin gwamnati amma za a tambaye ka shi.

Ɗan Mile 12:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma a faɗi ta ɗaya ɓangaren ma. Ni tumatir nake sayarwa. Ka ce in kawo takardar shaidar biyan haraji, ni da ba ni da albashi ba ni da kamfani. Kullum sai na yanki tikiti a kasuwa, na ƙungiya daban, na shara daban, na lodi daban, amma duk wannan ba a lissafa shi haraji. Ka biya mai zane, ka biya injiniya, ka biya safiyo, ka biya gwamnati, ga omo-onile, 'ya'yan dangin masu fili, na jiran ka a bakin fili, kuɗin fandisho, kuɗin dekin, kuɗin rufi, har kuɗin sauke yashi. Kafin ka aza bulo ɗaya kuɗin ɗaki guda ya tafi. Mutane ba don taurin kai suke gudun ofis ba.

Lauyan Ikeja:
Wannan kam ba wanda zai ƙaryata ka. Tsadar gaskiya ce, jiran ma gaskiya ne. Abu biyu kawai zan ƙara. Ɗan kasuwa na iya zuwa ofishin LIRS, hukumar haraji ta jiha, a yi masa ƙiyasi kai tsaye, ya biya, a ba shi lambar mai biyan haraji da takardarsa, ba sai mai albashi ba. In gidan tsoho ne kuma za a nemi rasit na harajin gida na shekara-shekara, wanda da yawanmu takardar na zuwa mu naɗe ƙosai da ita.

Omo-onile kuwa, tun 2016 lokacin gwamna Ambode aka yi dokar kare kadarori da ta haramta tare aikin gini don karɓar kuɗi da ƙarfi, akwai ma kwamiti na musamman a ma'aikatar shari'a da ake kai ƙara. Ban ce sun daina ba. Amma wa ke iya kai ƙara? Mai takarda. Wanda ke gini a ɓoye ba ya kiran hukuma, su ma sun san haka, shi ya sa suka fi matsa masa.

Hajiya Mai Atamfa:
Baban Ummi, ni kan mutumin nan mai mako biyu zan yi magana, don ni ganau ce.

Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, na ce bari in ƙarasa ginin da ya bari a wajen Ikotun don marayu su samu na haya. Ina cikin takaba ma aka kawo min wani, aka ce ɗan gida ne a ofis, ya san kowa. Mutum mai fara'a, yana ce min Mama, in ya zo har tsaraba yake kawo wa yara. Na ba shi kuɗi kashi uku. Ya kawo min takarda mai kyau, da hatimi ja da shuɗi, an buga tambari a kowane shafi na zanen. Na sa a leda na ajiye a ƙasan akwati tare da sarƙoƙina.

Muna kan linta na hawa na biyu aka zo aka shafa jan fenti a katanga aka liƙa takardar dakatar da aiki. Na ɗauko ledata da ƙarfin gwiwa na tafi. Matar da ke kan tebur ta karɓa, ta buga lambar a kwamfuta, ta sake bugawa, ta kira wani ya zo ya duba. Sai ta ɗago ta ce min cikin tausayi, Mama lambar nan ta wani gidan mai ce a wata unguwa daban. Wallahi ƙafafuna sai da suka ƙi ɗaukata, a kan bencinsu na zauna. Lambar wayarsa kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba.

Wata goma sha ɗaya aikin na tsaye. Siminti buhu 40 ya daskare a ɗaki, da guduma aka fasa shi aka cike rami. Na sake biyan komai daga farko, har da tara. Abin da na koya: kuɗin gwamnati a banki ake biya da takardar ƙiyasi mai sunanka, ka riƙe rasit ɗinka. Kuma ko wa ka wakilta, ka karɓi lambar fayil ka je da ƙafarka ka ji ko tana nan. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Baban Ummi:
Innalillahi. Hajiya Allah ya mayar da alheri. Ni ma "Daddy" yake ce min.

Ɗan Gidan Sarki:
Ni dai abin da na gani, mu 'yan Arewa aka fi sa wa ido. Da an ga hula sai farashi ya canza. Ku duba yadda ake yi da kasuwanninmu.

Dattijon Zango:
Yaro, a nan Agege aka yanke min cibiya, mahaifina ma nan ya yi fataucin goro tun jirgin ƙasa na tsayawa da buhuna. Ba zan ce ba a yi mana kallon baƙi ba, ana yi. Amma maganar rusau a faɗi gaskiya. Gidajen da aka rushe a Ikota ta Lekki a 2023 saboda sun hau hanyar ruwa, na masu hula ne? Na Mende a Maryland a 2024 fa? Manyan gidaje ne na masu hali, katafila ba ta tambayi yarensu ba. Namu laifin shi ne mun saba da ciniki na amana: a tafa, a yi addu'a, a raba goro, shi ke nan. Gidaje nawa ne a Zango da jikoki ke zaune ba wanda ya san inda takardar take? Lokacin da aikin jirgin ƙasa na jiha, na jan layi, ya ratso ta nan an biya diyya, amma ka tambayi waɗanda suka yi ta neman takardun kakanninsu yadda suka sha.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a tsaya kan tambayar Baban Ummi. Maganar ƙabila a kai ta wani zauren.

Direban Ibafo:
Tambaya a kan tambaya. Ni nawa filin a Ibafo yake, nan ma LASPPPA ɗin ce?

Lauyan Ikeja:
A'a. Da ka haye doguwar gadar nan bayan Berger ka shiga jihar Ogun. Ibafo, Mowe, Akute, Sango, duk Abeokuta ke da su, da tasu hukumar da nasu kuɗin.

Injiniyan Ketu:
Baban Ummi, akwai abin da ban so faɗa tun farko ba don kada abin ya yi maka yawa, amma gara ka ji a nan. Shagunan nan biyu. Ƙa'idar gama-gari ta gidan zama a Legas ita ce a bar mita shida a gaba, mita uku a baya da kowane gefe, ban da wasu tsofaffin unguwanni irin tsibiri da aka sassauta. Rabin fuloti kusan mita 18 ne ta kowane gefe. Cire uku da uku, saura 12. Cire shida da uku, saura tara. Abin da doka ta bar maka ka gina ke nan, 12 sau tara. Shagunanka kuwa na tabbata a cikin mita shidan gaba suke zaune, wataƙila har bakin kwata.

Ranar da ka kai zanen gidan yadda yake a yanzu, za a gan su. Ba na ce lallai a ce ka rushe ba, wannan sai abin da masu dubawa suka yanke, amma ka shiga da sanin cewa za a tayar da maganar. A 2024 gwamnati ta buɗe afuwa ga masu tsofaffin gine-gine marasa izini su zo su daidaita ba tare da tara ba, daga watan Mayu aka yi ta tsawaitawa har ƙarshen shekara. Ka tambaya ko akwai irinta a buɗe yanzu. Kuma in an ba ka izini kada ka sa a akwati ka manta, in shekara biyu ta wuce ba ka fara ba sai an sabunta.

Ɗan Mile 12:
Kun gani ko? Ya je neman izinin sama, za a cire masa na ƙasa. Garin neman gira.

Baban Ummi:
Shagunan nan su ke biyan kuɗin makarantar yara uku. Bari in yi shawara da uwargida da shi angon. Na gode ƙwarai, zan dawo da bayani.

Baban Ummi:
Salam jama'a, yau kwana goma sha biyu, na ce zan dawo.

Na samu safiyo ya zo ya ɗauki lambobi, an duba, alhamdu lillahi filin ba ya cikin na gwamnati, kuma ba mu shiga hurumin kanal ba, ko da yake ya ce gida uku ne tsakaninmu da inda layin ya bi. Yana haɗa min taswira da sunana, karo na farko cikin shekarun nan duka.

Sai maganar tono. Usta Birkila da kansa ya zo, Allah ya saka masa, ashe ba mu da nisa. Aka tona ta bayan kicin, injiniyan da Injiniyan Ketu ya haɗa ni da shi yana tsaye. Ba a kai tsawon hannu ba aka iske ƙarshen fandishon. Kankaren da ke ƙasa bai fi faɗin tafin hannu kauri ba, Usta ya sa cokali ya ɓantaro shi kamar ƙanzo. Ba rodi ko ɗaya. Birkilana yana wurin, bai ce uffan ba, sai ya ce zai je ya yi alwala.

Injiniya ya ce hanya biyu ce. Ko a kafa sababbin ginshiƙai daga waje masu nasu fandishon, su ɗauki benen ba tare da ya jingina da tsohon bango ba, wanda kuɗinsa ya kusa ninka abin da na tanada, kuma sai an fasa daɓen ɗakuna biyu. Ko kuma in haƙura da sama. Uwargida ta ce ita dama tun farko hankalinta bai kwanta ba, wai ta yi shiru ne don kada a ce ba ta son auren. Angon ya ce zai kama ɗaki da falo a Abule Egba na shekara ɗaya, mu gani.

Mai mako biyu ya dawo sau biyu. Na ce ya ba ni lambar fayil na wani aikin da ya taɓa yi in je in duba, ya ce zai turo, har yau.

Takardun filin zan bi su har ƙarshe tunda na fara. Maganar shaguna kuwa ban yanke ba tukuna, Lauya zan kira ka gobe bayan la'asar in ba damuwa.

Ɗan Mile 12:
To Alhaji rodin fa? Mai kauri nawa ne?

Baban Ummi:
Mai 12 da mai 16, rabi da rabi, ko ɗaurin ba a kwance ba. Bulon ma na sayarwa ne, amma mai saye shi zai kawo motarsa.

Ɗan Mile 12:
Ajiye min mai 12 ɗin, zan shigo ranar Asabar.

Hajiya Mai Atamfa:
Me za ka gina da shi?

Ɗan Mile 12:
Hajiya sokawe ne kawai, wallahi sokawe.